Yadda Wutar Agiye Ta Ci Sunan Haladu

Haladu ɗan Sae Sabuwa ne, daga wani gida da ba a san shi da komai ba sai noman gero da wake. Gonar gidan ba ta isa a raba wa maza huɗu ba, saboda haka tun yana saurayi mahaifinsa ya kai shi Maradi wurin wani kawunsa mai gyaran injuna. A can ya koyi naɗin dinamo. Dinamo shi ne ke juya duk injin da ke aiki da wuta. In ya ƙone, sai a buɗe shi, a fizge tsohuwar wayar jan ƙarfe da ta babbake, a naɗa sabuwa zagaye bayan zagaye, a shafe ta da berni, wato fentin da ke rufe waya, a gasa ta bushe. Aiki ne na zama da haƙuri, kuma Haladu yana da su.

Lokacin da wuta ta wadata a Agiye, masu niƙa suka fara ajiye injunan gazuwal suna sayen na lantarki, sai ya ɗauko akwatin kayan aikinsa ya kama shago a bayan tasha. A garin ya auri Baturiya, 'yar wani mai sayar da aya, a garin aka haifi 'ya'yansu, a shagon furfura ta same shi. Sunansa ya yi nisa. Daga Gazawa, har daga Cadakori, ana ɗoro dinamo a kan motocin haya, an nannaɗe shi cikin buhu, a ce wa direba ya sauke a wurin Haladu. Ba mutum ne mai yawan magana ba, amma yana da baki a kan aikin wasu. In aka kawo masa dinamon da wani ya taɓa, sai ya ɗaga wayar sama a gaban mai kaya ya ce wanda ya yi wannan, igiyar guga ya kamata a ba shi ya tuƙa. Mutane su yi dariya. Wasu kuma su riƙe a rai.

Babban amininsa shi ne Ɗantala, mai injin niƙa a bakin kasuwa. Sa'o'in juna ne, tare suke shan shayi bayan la'asar, kuma Haladu ne ya raɗa wa ɗan Ɗantala na fari suna. Dinamon Ɗantala ya yi shekaru yana juyi da naɗin Haladu bai taɓa ko tari ba.

A shekarar da abin ya fara, an buɗe wata masana'anta a kan hanyar Gazawa, inda ake narka tsofaffin ƙarafa a tanderun lantarki ana fitar da rodi. Gari ya yi murna, don samari sun samu aiki. Ba wanda ya kawo wani abu a ransa.

Da bazara dinamon Ɗantala ya ƙone. Haladu ya ce zafi ne da tsufa, ya naɗa masa. Kafin ruwan farko ya sauka ya sake ƙonewa. Sai na famfon rijiyar unguwar gabas ya bi baya, sai na mai ƙanƙara, sai na wasu masu niƙa biyu a layi ɗaya. Sababbin da ake sayowa daga kanti su ma suna ƙonewa, amma su sai a ce ai kayan yanzu ne, ba su da ƙarko. Waɗanda suka bi ta hannun Haladu kuwa, akwai wanda za a nuna.

Ya ɗauki mitarsa ya bi injunan ɗaya bayan ɗaya yana awon wuta. Mita ta ce wuta daidai take. Ya zargi mai sayar masa da waya, ya bar shi, ya tsallaka Katsina da ƙafarsa ya zaɓo wata. Ya sauya berni. Ya koma ƙirga zagaye da ƙarfi kamar sabon ɗan koyo, har maƙwabtan shago suna jin sa. Duk wanda ya dawo da dinamo, sai ya sake naɗa masa kyauta, don a ganinsa haka mutunci ya ce. Awakin Baturiya suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya don a sayo waya. Ita kuwa sai ta daina zuba dusa a kwanon da ke gindin darbejiya.

Magana ta fara yawo. Wasu suka ce tsohuwar waya yake wankewa ya mayar. Wasu suka ce yana rage zagaye ya sayar da jan ƙarfen. Masu sauƙin baki suka ce idonsa ne ya mutu. Wannan ta ƙarshe ita ta fi shigar sa, don shi ma ya fara tunanin haka. Ya je aka auna masa ido aka ba shi tabarau, ya saka, ya naɗa, dinamo ya ƙone.

Ranar wata kasuwa dinamon Ɗantala ya yi hayaƙi karo na huɗu, mata sun jera kwanonin hatsi har bakin hanya. Ɗantala ya aiko a kira Haladu. Da ya iso, warin ƙonannen berni ya cika rumfar, matan suna tattara kwanoninsu suna tsaki.

Ɗantala bai ɗaga murya ba. Ya ja shi gefe, amma ba nesa da kunnen mutane ba, ya ce, "Haladu, tsakaninka da Allah, wace waya kake sa mini?"

Haladu ya dube shi. Ya ce, "Ni kake tambaya haka?"

"To wa zan tambaya? Ni ban san kan abin nan ba, kai na sani. In wani matsi ne ya same ka, da ka faɗa mini, ai ba baƙo ba ne ni."

"Wayar da na sa maka, ita zan sa wa ubana da yana da inji."

Ɗantala ya ce, "To Allah ya kyauta." Ya juya yana ba matan haƙuri.

Daga ranar shan shayi ya mutu. Ba faɗa suka yi ba. In sun haɗu a masallaci suna gaisawa, su tambayi iyali, kowa ya nemi takalminsa.

Aiki ya ja baya har ya zama sai fanka da injin markaɗe na cikin gida ake kawo masa. Ƙonannun dinamon da masu su suka yi fushi suka bari suka taru a kusurwar shago. Yakan zauna ya zuba wa hannuwansa ido, yana juya su, yana neman inda suka canza.

Bayan an gama yankan gero wata farar mota ta tsaya a ƙofar shagon. Mace ce ta fito, ba ta girmi babbar 'yarsa da yawa ba, da hular kwano a hannu. Ta yi sallama, ta rusuna ta gaishe shi. Ta ce sunanta Safina, 'yar Tibiri, injiniya ce cikin wani ayari da aka turo su duba lafiyar wutar da ke bin layin Gazawa zuwa yamma. Ta tambaya a tasha wa ke gyaran dinamo, aka nuna mata nan, har wani ya ce ta yi hankali.

Haladu ya ce, "In rufe shagon kuka zo yi, Madam, kada ku wahala. Ya kusa rufe kansa."

Ta ce, "Ba haka ba ne, Baba. Ƙonannun nake so in gani."

Ya nuna mata kusurwa da haɓa. Ta tsuguna ta daɗe tana dubawa, tana kankare waya da farce. Sannan ta ce, "Kuskuren hannu wuri guda yake ƙonawa. Waɗannan dahuwa suka yi gaba ɗaya, a hankali, kamar nama a tukunya."

"Na ga haka. Na ɗauka berni ne. Wutar kuwa na auna ta, daidai take."

"Mitarka mudu ce, Baba. Tana gaya maka gero ya cika, ba ta gaya maka akwai tsakuwa a ciki."

Ta zauna a kan benci ta yi masa bayani. Wuta ba miƙe take tafiya ba, tashi take ta sauka, sumul, kamar igiyar da aka kaɗa. Akwai manyan injuna da ke fizgar wuta da ƙarfi, guntu-guntu, su mayar da wata karkarwa cikin layi. Karkarwar nan takan hau bayan wutar ta shiga gidan kowa. Fitila ba ta damu da ita sosai ba, amma dinamo yana shan ta ya yi ta zafi har ya dahu. Wahalar ita ce gano inda take fitowa, don layin dogo ne, kuma abin yana zuwa yana tafiya. Shi ya sa suka zo da akwatuna uku. Ɗaya za a kafa a tashar wuta ta Gazawa, ɗaya a nan Agiye, ɗaya can Gidan Rumji. Kowane yana karɓar lokaci daga tauraron ɗan adam, don su auna a ƙiftawa guda, ba wanda ya riga wani.

Ta ce, "Kamar a tsayar da mutum uku a bakin gulbi ne, nesa da juna, su ɗebi ruwa lokaci guda. In aka jera kwanonin, za a ga daga ina ya fara gurɓacewa."

Haladu ya ji ta, amma bai sa rai ba. Mutumin da ya yi watanni yana zargin idonsa ba ya saurin yarda wani ne mai laifi.

Aka kafa akwatin Agiye a jikin taransifon wutar da ke kusa da kasuwa. Toka-toka ne, da wani ɗan farin abu a samansa kamar kofi a kife yana kallon sama. Haladu ya mayar da hanyarsa ta gida ta wajen. Ba abin gani sai wata koriyar fitila ƙarama, amma sai ya tsaya ya dube ta, sannan ya wuce.

Sanyi ya shigo sosai kafin Safina ta dawo. Ta ɗora kwamfuta a kan teburinsa ta buɗe. Layi uku ne a jere. Na Gidan Rumji yana tashi yana sauka sumul. Na Gazawa da ɗan kaushi. Na Agiye kuwa kamar haƙoran zarto. Ta ce da suka ga haka sai suka ɗauke akwatin Gidan Rumji suka kai shi mararrabar da waya ta ratse zuwa masana'antar rodi, nan suka ga daga can karkarwar ke fitowa tana bazuwa. Ta matsa hoton gaba ta nuna masa ranar Juma'a, lokacin da ake kashe tanderu ma'aikata su tafi masallaci. Layin Agiye ya kwanta lumui. Da aka sauko daga salla, haƙoran suka dawo.

Haladu ya cire tabarau, ya mayar. Ya ce, "To hannuna fa?"

"Hannunka lafiya lau, Baba. Ko wa ya naɗa su, sai sun ƙone."

Ya tashi ya zaga bayan shago da buta. Ya daɗe kafin ya dawo, fuskarsa a jiƙe. Ya aika aka sayo mata lemo, ta ce ta gode, ya ce sai ta sha.

Da ya koma gida ya kwashe labari ya gaya wa Baturiya, har yana zana mata haƙoran zarto a ƙasa da tsinke. Ta saurara har ya gama. Ta ce, "Alhamdu lillahi, Malam. To wa zai gaya wa mutanen gari?"

Ya ce ai gaskiya ta riga ta fito, sauran mai sauƙi ne.

Mai masana'antar wani alhaji ne da ke zaune a Maradi. Da aka kai masa sakamakon bai yi gardama ba. Ya ce bai sani ba, kuma da alama bai sani ɗin ba. Ya yi odar na'urar da ke tace karkarwar kafin ta shiga layi, aka kashe tanderu ana jiran isowarta. Ba a yi shela ba, ba a tara kowa ba. Alhajin bai taɓa jin sunan Haladu ba, ba kuma wanda ya ga dalilin faɗa masa.

A daidai wannan tsakanin ne Sanda ya dawo gida. Ɗan Agiye ne, magidanci, ya daɗe a Katsina yana wannan sana'a, ya dawo saboda mahaifiyarsa ta tsufa. Ya buɗe shago a bakin babbar hanya, ya shafa masa shuɗin fenti. Ɗantala, wanda ya gaji da ɗaukar dinamo zuwa Maradi, shi ya fara kai masa. Sanda ya naɗa. Tanderu a kashe yake, dinamo ya yi ta juyi. Aka kawo na'urar tacewa aka kafa, tanderu ya tashi, dinamo bai fasa juyi ba. Mai ƙanƙara ya kai nasa, na famfon rijiya ya bi. Ko ɗaya bai dawo ba.

Gari ya ga abin da idonsa. Na Haladu suna ƙonewa, na Sanda ba sa ƙonewa. Ba a bukatar wani bayani.

Ranar da ayarin Safina suka zo kwance akwatinsu, Haladu ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya roƙi alfarma. Ya ce ta taimaka ta je ta gaya wa mutum ɗaya kawai. Ta yarda. Suka tafi rumfar Ɗantala tare. Ɗantala ya kashe inji don girmama baƙuwa, ya kakkaɓe mata benci, ta buɗe kwamfuta ta nuna masa layukan, ta yi masa bayanin mudu da tsakuwa, da Juma'a, da komai. Ya saurara da ladabi yana gyaɗa kai.

Da ta gama ya ce, "Madam, na ji, kuma ku ne masu ilimi. Ni dai abin da na sani, tun da Sanda ya taɓa injin nan bai ko yi ɗumi ba."

"Ai lokacin ne aka kashe tanderun, Baba."

"To, haka ne." Ya dubi Haladu da tausayi, wanda ya fi zagi ciwo. "Ni fa ban riƙe ka da komai ba, Haladu. Abin da ya wuce ya wuce. Ba sai ka ɗauko mutane daga nesa ba."

Safina ta buɗe baki za ta ƙara, Haladu ya ce mata ta bari. Ya raka ta mota. Ta ce za ta rubuta komai a rahotonta. Ya ce Allah ya yi mata albarka, ya san ta yi iyakar ƙoƙarinta. Motar ta kama hanyar Maradi da akwatunan a baya.

Ya ɗan ƙara gwadawa da kansa. A majalisar bakin tasha ya yi bayanin tsakuwar da ke cikin wuta, mutane suka ce ikon Allah. Da ya ba da baya aka fashe da dariya. Waɗanda ya taɓa ɗaga wayarsu sama a gaban jama'a ba su manta ba, su suka laƙa masa suna. Kafin azumi, ko direbobin haya Haladu Tsakuwa suke ce masa, wasu ma ba su san asalin sunan ba.

Bayan salla ya mayar wa mai shago makulli. Ƙonannun dinamon da ke kusurwa, masu sayen tsofaffin ƙarafa suka kwashe su a amalanke suka nufi hanyar Gazawa da su.

Sanda ne ya zo har gida, wata safiya, ya yi sallama a zaure. Ba mugun mutum ba ne, kuma ya buɗe isassun dinamon da Haladu ya naɗa, ya san abin da ya gani a ciki. Ya zauna a ƙasa, ya ƙi hawa tabarma.

Ya ce, "Yaya Haladu, aiki ya fi ƙarfina. Ni kaɗai ne, ga tsohuwa ba lafiya. Na ga naɗinka, ni ban kai ka ba. Ina so ka kama mini."

Haladu ya ce, "A shagonka?"

Sanda ya sunkuyar da kai. "Da dai a nan gida. In aiko maka, ka naɗa, in aiko a ɗauka. Ka san mutanenmu. In suka ji hannunka ya taɓa, ba za su kawo ba, ni da kai duk mu rasa."

Haladu ya ce zai yi shawara. Bayan Sanda ya tafi, Baturiya, da ta ji komai daga bayan zana, ta ce, "Malam, ka yi aikin wani ya ɗauki sunan? Gara mu koma Sae Sabuwa."

Ya ce, "Mu koma mu noma wace gonar?"

Da yamma ita ta share ɗakin da awaki suke kwana a da, ta shimfiɗa buhu, ta ɗora masa teburinsa.

Haka aka yi. Amalanke yakan zo da dinamo a rufe da buhunan dusa, ya koma da wanda aka gama. A shagon Sanda ake fesa musu shuɗin fenti. Sunan Sanda ya kai Gazawa, ya wuce.

Da damina ruwa ya yi wa rumfar Ɗantala ɓarna, ya shiga dinamo ya lalata shi. Ɗantala ya kai wa Sanda, Sanda ya aiko gidan Haladu cikin sauran. Haladu yana buɗe buhu ya gane shi. Ya zauna da shi a gabansa har rana ta take bai taɓa ba. Sannan ya jawo waya ya fara. Bai rage komai ba, bai kuma ƙara ba, naɗin da ya saba ya yi masa.

Bayan wani lokaci suka haɗu a wurin zaman makoki a unguwar gabas. Da aka shafa fatiha aka tashi, Ɗantala ya biyo shi ya kama hannunsa, suka jera kamar da. Ya tambayi Baturiya da yara. Sannan ya rage murya ya ce, "Ina jin zaman da kake yi a gida, ba ya mini daɗi. Ka ga aikin da Sanda ya yi mini kwanan nan? Injin ko ƙara ba ya yi. Da za ka sauke girman kai ka je ka zauna kusa da shi, ka ga yadda ake yi yanzu, wallahi da ka farfaɗo. In kana jin nauyi, ni sai in yi masa magana."

Saura kaɗan Haladu ya gaya masa hannun da ya yi naɗin. Ya tuna buhun geron da ya shigo gidansa albarkacin amalanken nan, ya tuna Sanda zaune a ƙasa a zaurensa. Ya haɗiye maganar.

Ya ce, "Na ji, Ɗantala. Kada ka wahalar da kanka."

"Ka dai yi tunani."

"Zan yi."

Suka rabu a mararraba. Da ya isa gida ya tarar an sauke wasu dinamo biyu, ɗaya na famfo, ɗaya na injin tatsar man gyaɗa daga Gazawa. Baturiya ta kawo masa fura ta tambaye shi ko an samu jama'a a wurin makokin. Ya ce an samu. Ya sha, ya saka tabarau, ya ce ta tura ƙofar ɗakin kada wani ya shigo ya gani.